DAGA DUTSEN ZAITUN ZUWA SABON GARIN WUDIL: TAƘAITACCEN TARIHIN JERIN GWANON MAKO MAI TSARKI

GABATARWA

Muna murnar cikar wannan ekklesiya shekara 50. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya riƙe mu har ya kawo mu wannan rana.

Tarihin ginin majami'a da jerin bayin Allah da suka yi hidima a nan suna cikin wasu shafuna na wannan littafi, don haka ba zan maimaita su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta taso a taron dattawa sa'ad da muke shirin wannan biki. Matasa sun kawo roƙo cewa a buɗe Jubili da jerin gwano, a taso daga filin da iyayenmu suka fara yin sujada a ƙarƙashin rumfar kara, a zo da ƙafa har majami'ar da muke ciki yanzu. Nan take ra'ayi ya rabu uku. Waɗansu suka ce abu ne mai kyau. Waɗansu suka ce wannan al'adar 'yan Katolika ce, ba tamu ba. Waɗansu kuwa suka ce zamani ya sake, gara mu zauna a cikin shingenmu kada mu jawo wa kanmu magana. Kowa yana da hujjarsa, kuma babu wanda ya yi magana da mugun nufi. Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka na ga ya dace mu waiwaya mu ga inda wannan al'ada ta samo asali, da garuruwan da suka riƙe ta har mutane ke ƙetare teku domin su gani, da yadda ta iso mana.

TUSHENSA A CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Tafiya a jere domin yi wa Allah sujada ta girmi kowace ɗarika. Isra'ilawa sukan haura Urushalima sau 3 a shekara domin manyan idi, kuma Zabura 120 zuwa 134 waƙoƙi ne na masu wannan hawa. A cikin irin wannan ayari ne Yesu ya tafi Idin Ƙetarewa yana ɗan shekara 12, kamar yadda Luka 2 ya nuna. A Nehemiya 12, da aka gama gyaran garun birni, an raba mawaƙa ƙungiya biyu, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu a bisa garun, suka haɗu a Haikali. Sa'an nan dukan Linjila huɗu sun ba da labarin ranar da Ubangiji ya hau ɗan jaki daga wajen Betafaji, ya gangaro Dutsen Zaitun, taro yana shimfiɗa tufafi a hanya yana yi masa Hosanna. Yahaya 12 ne ya faɗa mana cewa rassan dabino suka riƙe. Bayan 'yan kwanaki kaɗan aka sake fita da shi a titunan birnin nan, yana ɗauke da gicciye zuwa Golgota. Waɗannan tafiye-tafiye biyu, ta murna da ta azaba, su ne uwa da uban duk wani jerin gwano da Kirista ke yi a Mako Mai Tsarki.

Game da lokacinsa kuwa, taron shugabannin ekklesiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ya tsai da cewa dukan Kirista su yi Ista a rana ɗaya. Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce Lahadi ta farko bayan cikar farin wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa a lissafin da muke bi Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A Turai wannan shi ne lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa na toho, rana na daɗi, mutane na marmarin fita waje. A wurinmu kuwa tsakiyar bazara ce, zafi ya kai matuƙa, ruwan kogin Wudil ya ja baya, manoma na sharar gona suna duban gabas.

URUSHALIMA

A ƙarni uku na farko Kirista ba su da ikon fita titi da sujadarsu, gama ana tsananta musu. A shekara ta 313 sarkin Rum, Kustantin, ya ba da 'yancin addini, a 335 kuma aka keɓe babbar majami'ar da ya sa aka gina a wurin kabarin Yesu. Daga nan masu ziyara suka fara kwarara.

Labari mafi tsufa da muke da shi na jerin gwanon Lahadin Dabino wata mace ce ta bar mana shi. Sunanta Ejeriya, ta fito daga yammacin Turai, ta zauna a Ƙasa Mai Tsarki wajen shekara ta 381 zuwa 384, a zamanin Bishof Siril na Urushalima. Ta riƙa rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida duk abin da ta gani. Rubutun ya ɓace shekaru aru-aru, sai a 1884 aka tsinci kwafinsa a wani ɗakin ajiye littattafai a garin Arezzo na Italiya. Bisa ga bayaninta, ranar Lahadin da ke gaban Ista jama'a sukan taru a kan Dutsen Zaitun da misalin ƙarfe 1 na rana, a yi ta waƙa da karatu. Wajen ƙarfe 5 na yamma sai a karanta labarin shigar Ubangiji birni, kowa ya tashi da reshen dabino ko na zaitun a hannu, a gangaro da ƙafa tare da bishof, manya da talakawa. Ta ce jariran da ba su iya tafiya ba iyayensu kan saɓa su a kafaɗa, kuma a hankali ake tafiya domin kada mutane su gaji, sai dare ya fara kafin a kai majami'ar kabarin. Ta kuma faɗi wani abin dariya mai ban tsoro. Ranar Jumma'a Mai Kyau, sa'ad da ake fito da itacen da suka gaskata na gicciyen ne domin mutane su sumbace shi, dikinoni kan tsaya su zuba ido, domin an taɓa samun wanda ya gatsi guntu ya tafi da shi. Ashe tun wancan zamani ibada da son abin hannu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Masu ziyara su ne suka ɗauki wannan al'ada suka kai ƙasashensu. A 1342 Fafaroma Kilimanti na 6 ya danƙa kula da wurare masu tsarki a hannun 'yan ƙungiyar Faransiskan. Su ne suka raya abin da ake kira Hanyar Gicciye, wato bin sawun Ubangiji daga gaban Bilatus zuwa kabari, ana tsayawa wuri-wuri ana addu'a. Da yake ba kowa ke da halin zuwa Urushalima ba, sai aka fara kafa irin waɗannan matsayai a majami'u da tuddai na Turai. Yawansu ya riƙa bambanta daga gari zuwa gari har 1731, lokacin da Fafaroma Kilimanti na 12 ya tsai da su 14. Tara daga ciki suna cikin Linjila. Sauran 5, wato faɗuwar Yesu sau uku, da gamuwarsa da mahaifiyarsa a hanya, da macen da ake kira Beronika wadda aka ce ta share masa fuska, daga al'adar baka suka fito. A 1991 Fafaroma Yahaya Bulus na 2 ya gabatar da wani jeri wanda kowane matsayi a cikinsa daga Linjila yake.

Allah ya nufe ni da zuwa Urushalima sau ɗaya a lokacin Ista, kuma na bi wannan hanya. Tsawonta wajen mita 600 ne kawai. Tana farawa daga harabar wata makarantar Musulmi, ta ratsa unguwar Musulmi ta cikin lunguna masu kama da na kasuwar Kurmi, shaguna dama da hagu. Masana da yawa suna ganin cewa Bilatus ya yi shari'ar ne a fadar Hirudus da ke yammacin birni, kuma titin da Yesu ya taka yana binne a ƙarƙashin na yanzu, domin Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, aka sake gina shi bayan 135. Wannan bai dame ni ba, gama bangaskiyarmu ba a kan duwatsun titi take ba. Abin da ya dame ni halina ne. Ina tsaye a bakin wani shago ina cinikin ƙananan gicciyen itacen zaitun da zan kawo tsaraba, har murya ta tashi a kan canji, sai ga wata ƙungiya ta taho, wata tsohuwa a cikinsu ba takalmi, hawaye na zuba, tana bin gicciyen da aka ɗauko. Na dubi abin da ke hannuna, kunya ta rufe ni. Ni da na yi shekaru ina wa'azi a kan masu ciniki a Haikali, ga ni ina yi a hanyar Golgota. Tun daga ranar na rage saurin yanke wa masu irin wannan ibada hukunci.

Wani abu kuma da ya kamata mu sani, mabuɗin babbar majami'ar kabarin yana hannun Musulmi. Gida biyu ne na Urushalima suka gaji wannan aiki ɗaruruwan shekaru, gidan Juda suna ajiye mabuɗin, gidan Nusaiba suna buɗe ƙofar. Ɗariku daban-daban da ke sujada a ciki sun amince da haka, kuma ya rage musu gardama a tsakaninsu.

ROMA DA SEBIYA

A Roma, an kafa matsayan Hanyar Gicciye a 1750 a cikin tsohon filin wasan Romawa da ake kira Kolosiyum. Al'adar ta mutu na wani lokaci, Fafaroma Bulus na 6 ya farfaɗo da ita a 1964, kuma daga nan ta zama abin da duniya ke kallo a talabijin a daren Jumma'a Mai Kyau.

Amma garin da ya fi suna a wannan fage shi ne Sebiya, a kudancin ƙasar Sifen. Matasanmu sun san shi ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sevilla, malaman Arabiyya kuwa sun san shi da Ishbiliya ta Andalus. Musulmi sun mulke shi fiye da shekara 500, har Sarki Fadinan na 3 ya ci shi a 1248. Dogon hasumiyar babbar majami'ar garin asalinta hasumiyar masallaci ce da aka gama a 1198. A 1521 wani basaraken garin da ya dawo daga ziyarar Urushalima ya kafa Hanyar Gicciye daga ƙofar gidansa zuwa wani gicciye a bayan gari, har yau ana kiran gidan nasa Gidan Bilatus. A 1604 babban limamin garin, Kadina Ninyo de Gebara, ya umarci dukan ƙungiyoyin ibada su riƙa bi ta babbar majami'a a kan tsari, domin a hana hargitsi.

Yanzu ƙungiyoyi wajen 60 ne suke fita tsakanin Lahadin Dabino da Lahadin Ista, kowace daga majami'ar unguwarta zuwa babbar majami'a ta komo. Waɗansu sukan shafe fiye da awa 12 a hanya. 'Yan ƙungiya suna sanye da dogayen riguna da hula mai tsini wadda ta rufe fuska, domin kada a gane mai tuba a yabe shi. Suna riƙe da manyan kyandirori, waɗansu ba takalmi. A tsakiyarsu akwai wani babban dandamali mai nauyin fiye da tan guda, an ɗora siffofin da aka sassaƙa na labarin shan azabar Yesu, maza 30 zuwa 50 suna ƙarƙashinsa suna ɗauke da shi a bisa wuyansu, ba sa ganin gabansu, sai muryar jagora suke bi. Ɗaya daga siffofin da suka fi shahara an sassaƙa ta a 1620. Akwai kuma wata ƙungiya da ya kamata mu 'yan Afirka mu san da ita. An kafa ta a ƙarshen ƙarni na 14 domin baƙaƙen fata na garin, bayi da 'yantattu, ta kula da marasa lafiyarsu, ta binne matattunsu. Tana nan har yanzu, tana fita ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki.

A 2020 da 2021 annobar korona ta hana fita baki ɗaya, abin da rabon garin da gani tun 1933. A 2024 kuwa ruwan sama ne ya hana ƙungiyoyin daren Jumma'a Mai Kyau fitowa, aka ga manya suna kuka a ƙofar majami'a. Ikon Allah, ruwan da muke roƙo da azumi a wannan lokaci shi ne abin kukansu. Baƙi dubu-dubu suna cika garin kowace shekara, masaukai su yi tsada, har limaman garin kansu sukan yi gargaɗi kada ibada ta koma kallo.

ME YA SA BA MU GAJE TA BA?

Amsar tana cikin tarihin Gyaran Ekklesiya wanda Martin Luta ya fara a 1517. Masu gyara sun ga yadda jama'a suka ɗora zuciyarsu a kan siffofi da kayan tsarki har Maganar Allah ta koma baya, suka tuna da Fitowa 20. A Jamus a wancan zamani har jakin katako mai ƙafafun gare ake ja a titi ranar Lahadin Dabino, da siffar Yesu a kansa. A 1524 aka kwashe siffofi daga majami'un birnin Zurik. A 1548 hukumar Ingila ta hana rabon dabino da toka da kyandir a majami'u. Katolika kuwa, a babban taronsu na Trento daga 1545 zuwa 1563, suka tabbatar da amfani da siffofi a matsayin abin koyarwa da tuni, suka ce girmamawar tana komawa ga wanda siffar ke nunawa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Turawan mishan da suka kawo mana bishara 'ya'yan ɓangaren masu gyara ne, don haka suka zo mana da Littafi da waƙa da wa'azi, ba su zo da gunki ko kyandir ba. A kan maganar siffofi ina nan inda malamaina na makarantar Littafi Mai Tsarki suka tsai da ni. Amma ya kamata mu lura cewa abin da masu gyara suka ƙi shi ne abin da ake ɗauke da shi. Tafiyar kanta tana cikin Littafi tun kafin a yi Roma ta Kirista.

YADDA TA ISO ƘASAR HAUSA

Mutane da yawa ba su san cewa 'yan Katolika sun riga kowace mishan taka ƙasar Hausa ba. Wasu limamai biyu na Faransiskan sun taso daga Tarabulus, suka ratsa hamada ta Murzuk da Agadas, suka iso Katsina a 1711, ciwo ya kama su suka rasu a can ba su kafa kome ba. A ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku da suka fara mishan ta SIM, wato Gowans da Kent da Bingham, suka sauka a Ikko. Wajen shekara guda bayan haka Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. A 1900 Bishof Tugwell na CMS da Likita Mila suka shigo Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. A 1907 limaman SMA suka kafa tashar Katolika a Shendam.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari domin baƙi, kuma ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu su ne suka fara tara kansu domin sujada, kowa da ɗarikarsa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A cikin shekarun 1930 SIM ta sami izinin aiki a lardin Kano, har da maƙwabciyarmu Garko, da kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Katolika na Kano sun daɗe a ƙarƙashin Kaduna, sai a 1999 suka zama cikakkiyar dayosis, da babbar majami'arsu ta Our Lady of Fatima. Su ma sun daidaita al'adarsu da yanayin ƙasa. Jerin gwanon Jikin Almasihu, wanda a Turai ake yi a watan Mayu ko Yuni, a Nijeriya an mai da shi watan Nuwamba a idin Almasihu Sarki, domin a kauce wa damina.

Mutanen ƙasar Kano ba baƙin jerin gwano ba ne. Muna da hawan Sallah da hawan Daushe da hawan Nassarawa, waɗanda hukumar UNESCO ta sa a cikin jerin al'adun duniya a 2024. Akwai Maukibin Ƙadiriyya, akwai hawan Dala ranar Takutaha. Maƙwabtanmu sun san cewa abin da mutum ya ɗauka da girma yakan fito da shi fili cikin tsari da kwalliya.

NAMU NA GIDA

Ko da yake ba a koya mana a makaranta ba, iyayenmu sun yi nasu jerin gwano, kuma waɗanda suka haura shekara 50 a cikinmu shaidu ne. Ranar Lahadin Dabino yara sukan shiga daji tun Asabar su yanko kaba da ganyen dabino, wanda bai samu ba ya karyo darbejiya. Akan taru a bakin hanya, 'yan Birged a gaba da gangunansu, a zagaya unguwa kafin a shiga sujada. Ranar Ista da asuba, tun kafin carar zakara ta biyu, matan Zumunta sukan fito da fitilun ƙwai da tulun kiɗa da caki, suna bin gida-gida suna shelar tashin Ubangiji, domin mata ne suka fara zuwa kabarin. Litinin kuma sai Galili, bisa ga Matiyu 28, inda aka aika wa almajirai su je can su gan shi. Mukan fita bayan gari wajen inuwar itatuwa kusa da kogi, kowane gida da tukunyarsa, a yi wa'azi gajere, a yi wasan kwaikwayo, a ci tare. A can ne muke haɗuwa da sauran ɗariku, har da 'yan Katolika, waɗanda wasunsu ke kiran ranar tafiyar Imuwasu. Ina tuna maƙwabtanmu Musulmi suna fito da randar ruwa ƙofar gida saboda yaranmu, mu ma ranar Sallah mukan fita kallon hawa, a aiko mana da tuwo da nama.

Sannu a hankali abin ya ja baya. Rikicin Kafanchan na 1987 ya sa kowa ya fara kallon maƙwabcinsa da wani ido. Rikicin Kano na Oktoba 1991, wanda ya tashi a kan shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke, ya ci rayuka da dukiya mai yawa. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012, a birnin Kano sun kashe Musulmi da Kirista, a ranar 29 ga Afrilu na shekarar kuma aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Bayan haka muka ja katanga, muka sa na'urar bincike a ƙofa, Lahadin Dabino ta koma zagaya harabar majami'a, Galili ta koma ƙarƙashin rumfa a bayan gidan fasto. Ba na zargin dattawan da suka yanke wannan shawara, ina cikinsu, kuma rai ya fi al'ada. Amma yanzu muna da samari da 'yan mata da suka yi aure ba su taɓa riƙe ganyen dabino a wajen katangar nan ba. Yaron maƙwabcinmu kuma bai san mu ba sai ta ƙarar lasifika.

SHAWARATA

Ga dattawan da suka ce al'adar Katolika ce, na nuna cewa ta girmi rabuwarmu da su da fiye da shekara 1,000. Za mu iya fita da Littafi Mai Tsarki a gaba, da ganye a hannu, da waƙa a baki, ba mu taka ko ɗaya daga koyarwarmu ba. A Joshuwa 4 an kafa duwatsu 12 domin yara su yi tambaya a ba su labari. Yaron da ya taka daga filin rumfar kara zuwa nan da ƙafarsa zai yi tambayar da wa'azi goma ba su sa ya yi ba.

Ga waɗanda suke tsoro, tsoronku yana da dalili, don haka a bi ta ƙofa. A je a gai da hakimi da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda a rubuce, a gaya wa limaman masallatan da ke kan hanya rana da lokaci. Kada a fita ranar Jumma'a, ranar kasuwar Wudil da sallar jam'i. Kada a tare babbar hanya, kada a wuce masallaci da kiɗa a lokacin salla. A 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo a cikin watan azumi, kuma irin haka zai sake zagayowa, sai a kula da masu ƙishirwa. In hukuma ta ce lokaci bai yi ba, mu yi biyayya mu jira wata shekara, gama mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ga matasa kuwa, ku ne na fi ji wa tsoro. Ubangiji ya yi kashedi a Matiyu 6 game da masu addu'a a kan mararraba domin a gan su. In nufinku nuna yawa ne, ko anko, ko hoton da za a sa a Facebook, ko ramuwar gayya ga wani, to, gara mu zauna. Wanda muke bi a kan jaki ya shiga birni, kuma Luka 19 ya ce da ya hangi birnin kuka ya yi dominsa. Wanda zai bi sawunsa a titin Wudil sai ya fita yana yi wa Wudil addu'a, da sarakunanta, da masuntanta, da 'yan Kara, da ɗaliban jami'a da na makarantar 'yan sanda. Ku kuma tuna cewa ƙungiyoyin Sebiya mako ɗaya suke yi a titi, sauran shekara suna hidimar marasa lafiya da matalauta. Ni ma da aka ƙara mini haruffan JP a bayan suna, ban ga sun ƙara mini tsarki ko na ƙwayar gero ba.

Na miƙa wannan ga majalisar dattawa, su ne masu yanke magana, kuma abin da suka yanke shi za mu bi da zuciya ɗaya. A Littafin Firistoci 25, shekara ta 50 ita ce shekarar da ake busa ƙaho kowa ya koma gādonsa da danginsa. Addu'ata ita ce kafin Allah ya kira ni gida in sake ganin jikokinmu a hanyar bakin kogi ranar Litinin ta Galili, da tukwanensu a ka, maƙwabta kuma suna miƙo musu ruwa.

Allah ya ji ƙan ƙasarmu, ya ba Jihar Kano zaman lafiya, ya albarkaci wannan ekklesiya, ya sa waɗanda za su yi bikin shekara 100 su same mu da aminci. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata tare da ku duka. Amin.